Ƙeyar Direba

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar? Yaya Babba ta ce ba ka shan magani sai ta tsaya a kanka. Don Allah ka riƙa sha, gwiwar da ta yi shekara da shekaru tana tsaye a bayan kujerar aski ta cancanci a lallaɓa ta. Mu nan lafiya ƙalau, maman yara da yaran duk suna gaishe ka.

Na zaɓi rubutu ne saboda kunnenka da waya ba sa ga maciji. Ran nan da na kira ka, sai da duk maƙwabta suka san ina tambayar ka ko ka ci abinci. Maganar da ke tafe da ni kuwa ba ta ɗaga murya ba ce. Ka sa tabarau ka karanta da kanka, kada ka miƙa wa Yaya Babba, ka san cikinta ba ya riƙe magana.

Shago yana nan yadda ka bar mini shi. Kujera tana nan tana kukanta duk sanda mai ƙiba ya zauna. Tela da Mai Jarida suna nan a kan benci suna gyara duniya da baki, har yau ba wanda ya taɓa ɗaukar tsintsiya a cikinsu. Mai askin tsallaken titi ya sa fitilu masu launi da talabijin kamar ƙofar gida, amma duk wanda yake son a fitar masa da layin ƙeya, nan yake dawowa. Layin nan naka ne, Baba, aska a kan fata, tas, a miƙe kamar an sa ma'auni. Da shi muke ci.

To, ga maganar. Ƙuraje sun fito mini a ƙeya, daidai inda gashi ya ƙare. Ƙanana ne, masu tauri, ga ƙaiƙayi mai hana sukuni. Ka san abin da mutane ke cewa in sun ga irin waɗannan, wai kilifar mai aski ce ba ta da tsabta. To ina ga a gan su a ƙeyar mai askin kansa? Ni da nake tsoma kayana a sinadari bayan kowane kai, har Tela yana cewa na fi asibiti tsirfa. Sai na sayi hular sanyi na jawo ta har wuya, cikin wannan zafin. Tela ya ce wai ko sanƙo na fara nake ɓoyewa, na ce masa ya ji da wandunan mutane da yake gajartawa. Aka yi dariya, ni ma na yi, gumi yana bin bayana.

Ban iya zama a kujerar wani mai aski ba, don haka da madubi biyu nake yi wa kaina da safe kafin in buɗe. Maman yara ce ta gano, ta ga ɗigon jini a rigar matashi. Ba ta ja zance ba, ta nemo mini wani asibitin fata ta ce ko in je ko ta kira ka. Ka ga dalilin da ya sa na je.

Wurin a bene yake, saman wani kantin magani. Ɗakin jiran ƙarami ne, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa don kada a haɗa ido. Akwai wata mata da ta kawo 'yarta mai jan tabo a kumatu, akwai wani dattijo mai tabon ƙuna a hannu. Likitan mace ce mai sanyin magana. Da ta ce in cire hula, sai na ji kamar ta ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ta tambayi sana'ata, wallahi saura kaɗan in ce mata ni tela ne. Na dai faɗi gaskiya, ba ta ko yi murmushi ba, abin da ya sa ta kwanta mini a rai ke nan.

Ga abin da ta ce, yadda na fahimta. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗauka daga wani. Gashi irin namu mai murɗewa, in aka aske shi har fata, bakinsa yakan yi tsini ya lanƙwasa ya soki fatar, ita kuma ta kumbura tana faɗa da shi. Ba kowa abin yake kamawa ba, amma wanda jikinsa yake da shi, aska tana ƙara masa, haka duk abin da ke gogar wurin, kamar wuyan riga mai tauri ko hula. In aka bar su sai su haɗe su zama tudu guda. Ta ba ni man shafawa, ta kuma ce akwai wata na'ura mai haske da suke kira lesa. Hasken yana bin baƙin gashi har saiwarsa ya ƙona ta, in saiwar ta yi rauni, abin da ke sukar fatar ya ragu. Ta ce akwai irin da ya dace da baƙar fata, kuma sai ta fara gwadawa a ɗan wuri ta ga yadda jikina zai karɓa. Ba sau ɗaya ake yi ba, za a riƙa yi ana ba da tazara. Sharaɗinta biyu ne, ba aska, ba hula.

Na fito ina jin kamar an ce mini layin da ka koya mini shi ne ya ci ni. Ban ce laifinka ba ne, kada ka fassara ni. Tambaya dai nake yi, a zamaninka ka taɓa ganin irin wannan?

Ka gaida Yaya Babba da maigidanta. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Auta

*

Baba,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Takardarka ta iso, na kuma ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi har kana zagaya tsakar gida. Allah ya sa sauƙin ya ɗore. Yaran suna lafiya, haƙorin ƙaramar ya fita, tana ta nuna wa kowa giɓin.

Na ga faɗan da ka yi mini. Ka ce tun kafin a haife ni kake aski, ba wanda ya taɓa dawo maka da ƙeya ya ce ka gyara, kuma wadda ba ta taɓa riƙe aska ba ba za ta koya mana aikinmu ba. Na ji. Amma Baba, wa ke ganin ƙeyarsa balle ya dawo da ita? Mu ne kaɗai muke gani. Mutum zai tsufa da ƙeyarsa, in aka nuna masa ita a hoto ba zai gane tasa ce ba.

An fara hasken. Ana kwantar da mutum rub da ciki, fuska a cikin wani rami da ke jikin gadon, a sa masa tabarau mai kauri, Likita da ma'aikaciyarta su ma su sa nasu. Ma'aikaciyar ce take rage gashin da kilifa, kuma ban ce komai ba game da yadda take riƙe ta, na daure. Sai a shafa wani abu mai sanyi a ɗora kan na'urar. Kowane bugu kamar an ja roba an sake ta a fata, sai ƙaurin gashi ya tashi. Na girma cikin gashin mutane, amma ban taɓa jin nawa yana ƙauri ba sai ran nan. Ba a daɗe ba aka gama. Wurin ya ɗan kumbura yana zafi, ya lafa da kansa, ta ce in kare shi daga rana.

Aska na bari. Hula kuwa a gida nake cirewa, in na zo shago in mayar. Na san abin da ta ce, ba sai ka tuna mini ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ka tuna Direba? Mai tuƙa doguwar bas ɗin nan, wanda tun yana kwandasta yake zama a kujerarka, mai kira na Ƙaramin Maigida. Har yanzu duk ranar hutunsa nan yake zuwa, ya zauna yana ba mu labarin hanya, wanda ya yi barci ya wuce garinsu, wanda ya manta surukarsa a tasha. A wannan makon da na ɗaura masa ƙyalle na sunkuyar da kansa, sai na gan su. Irin nawa sak, a jere a bakin gashi, inda wuyan rigar aikinsa yake goga. Da ban je asibitin nan ba, da na ce zafi ne na wuce. Yanzu kuwa na san ko mene ne, na san inda suka dosa.

Shi da kansa ya buɗe mini ƙofa. Ya ce kwanan nan ƙeyarsa tana damun sa da ƙaiƙayi, in duba masa ko wani abu ne. Shago cike yake, Tela da Mai Jarida sun baza kunne, ga wasu baƙi suna jira. In na ce masa ga abin da yake, za a ce ina na sani. In na ce kada a sa aska, za a ce ashe askar shagon nan tana da illa, kafin yamma labari ya tsallaka titi. Sai na ji bakina yana cewa ƙurajen zafi ne, kujerar mota ce ta jawo. Na fitar masa da layi kamar kullum, na bi da hoda mai yawa, na ɗaga madubin hannu na ɗan karkatar da shi. Ya duba abin da na bar shi ya gani, ya ce lallai hannun tsoho yana nan.

Baba, na yi ƙarya a kujerarka, kuma tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Amma in ya zo mako mai zuwa zan ja shi gefe in gaya masa, in Allah ya yarda.

A gaida mutanen gida. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Auta

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida jiki. Yaya Babba ta ce ka fara ƙin sanda, wai ta tsofaffi ce. Ka riƙe ta dai, ba wanda zai ba da labari.

Amsarka ta zo, ban taɓa ganin takarda gajeruwa kamarta ba. Ka ce wanda ya sunkuyar maka da kai amana ya ba ka, in gaya wa mutumin. Kai da ka ce Likita ba ta san komai ba, yanzu kuma kai ne kake tura ni da maganarta. Faɗa daga nesa da sauƙi, Baba. Ba kai ne kake buɗe ƙofa da safe ka ga mai askin tsallake yana goge gilashinsa yana leƙen wanda ya shigo mana ba. Ka yi haƙuri, ba rashin kunya nake maka ba, na san gaskiya ka faɗa, shi ya sa take ci na.

Ban gaya masa ba. Makon farko shago ya cika. Na biyu ya zo da murna 'yarsa ta ci jarrabawa, na ce ba yau ba. Wata rana kuma sauri yake yi. Kullum sai in sami dalili, kuma kullum dalilin mai kyau ne. Abin da nake yi shi ne in rage hannu, in riƙa kewaye ƙurajen da aska, in ce wa kaina ai wannan ma taimako ne. Ran nan na yanki ɗaya, jini ya ɗiga a ƙyalle. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ƙwararren direba ma yakan taka rami.

Akwai kuma wata wautar da na tafka, gara ka ji daga bakina. Bayan hasken, gashin wurin yana fitowa ne nan da can, ba tsari. Wata safiya na haɗa madubaina biyu na duba, sai na ga ƙeyata kamar tsohuwar tsintsiya. Ban san lokacin da hannuna ya ɗauki aska ba. Na ce layi ɗaya kawai, siriri, don dai ta yi kama da ta mai aski. Ƙeyar da ba wanda yake gani fa, Baba, tana cikin hula. Kafin mako ya zagayo wurin ya tashi, ya yi ruwa, ko a kan matashi ba na iya ɗora shi.

Da na koma asibiti, Likita ta duba ta ce ba za ta sa haske a kan fatar da ta fusata ba, zai iya ƙona ni ya bar tabo. Ta ba ni ƙwayoyi ta ɗaga ranar. Har na tashi sai ta ce layin dai ya miƙe, ba laifi. Ma'aikaciyar ta juya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Sannan Likita ta tambaye ni, masu zuwa aski wurina da ke da irin wannan, ina gaya musu su bar aska? Na ce mata ƙwarai kuwa. Ta ce madalla, masu aski sun fi su ganin abin da wuri.

Na bar hular. Yanzu ƙaramin tawul mai laushi nake ratayawa a wuya kamar na share gumi. Tela ya ce na koma ɗan dambe.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Yaya Babba.

Ɗanka,
Auta

*

Baba,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai. Ka yafe mini dogon shirun da na yi. Ba mantuwa ba ce, ba ni da abin da zan rubuta ne wanda zan so ka karanta.

Nawa ya yi sauƙi sosai. Na bi doka, an ci gaba da hasken, ƙurajen sun kwanta, ƙaiƙayi ya tafi. Gashin wurin ya yi laushi ya ragu, amma sai mai ido ne zai lura. Na ajiye tawul na shiga shago da ƙeyata a buɗe. Ba wanda ya ce uffan, sai Tela da ya ce ashe sanƙon ya warke. Ka ga jarumtakata, Baba, sai da abin ɓoyewa ya ƙare na daina ɓoyewa.

Direba kuwa an mayar da shi wata hanya mai nisa, ya yi watanni bai zo ba. Allah ya yafe mini, da na ji labarin sai na ji sanyi a raina. Na ce to, yanzu ba askata ce a kansa ba, ba ruwana. Na san inda duk ya tsaya zai ce a fitar masa da layi irin na gida, kuma za a fitar. Ina da lambarsa a waya. Ban kira ba.

A wannan makon ya dawo. Ya shigo da hayaniyarsa, ya gaisa da kowa, ya tambayi lafiyarka, ya zauna. Na ɗaura ƙyalle na sunkuyar da kansa. Baba, babu ƙuraje kuma. Sun haɗe sun zama tudu guda, mai tauri, mai sheƙi, ya kwanta a ƙeyarsa kamar yatsa. Gashi ya mutu a kansa, sai 'yan tsiraru da suka fito a cure wuri ɗaya. Gefensa yana ɗan ruwa, wuyan rigarsa ya yi tabo. Ya ce mini matarsa tana ta surutu a kai, amma shi ya ce mata mai askinsa ya duba ya ce zafi ne.

Na ɗauki aska na ajiye. Hannuna ya ƙi. Sai na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin zufa. Na buɗe ido na riƙe baki kamar yau na fara gani, na ce wannan ya wuce zafi, ba zan sa masa ƙarfe ba sai likita ya duba. Na kwatanta masa asibitin, benen da kantin maganin da ke ƙasa, na ce wai wani mai zuwa aski ne ya taɓa ba ni labarin wurin. Na rage masa gashin da almakashi. Ya yi ta godiya.

Ka ce in gaya masa, to ga shi na gaya masa. Na san ba irin wannan faɗin kake nufi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya. Maman yara tana gaishe ka.

Ɗanka,
Auta

*

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na ji an canza maka magani kuma wannan ya fi karɓar ka, alhamdulillahi. Wannan takardar za ta ɗan yi tsawo, ka karanta a hankali.

Direba ya je asibitin. Ya dawo ya zauna a benci tsakanin Tela da Mai Jarida yana ba da labari kamar na hanya. Likita ta ce masa nasa ya wuce inda haske kaɗai zai isa. Sai an yi ta yi masa allura a cikin tudun, kuma ya ce allurar tana sa babba ya kira uwarsa. In ya sauka sannan a bi gefensa da hasken, in bai sauka ba sai an yanke. Gashin wurin kuwa ya tafi ke nan. Ta ce masa da ya zo tun suna ƙanana da aikin bai kai haka ba. Ya faɗi wannan yana dariya, sannan ya nuna ni ya ce ba don idon Ƙaramin Maigida ba, da har yanzu yana can yana susa.

Bai tsaya nan ba. Ya gaya wa abokan aikinsa, ya gaya wa fasinjoji. Mutane suka fara shigowa suna cewa in duba musu ƙeya, har da waɗanda na san a tsallake suke aski. Mai Jarida ya laƙaba mini Likitan Ƙeya. Wanda na ga alama a jikinsa ina gaya masa ya bar aska, ba wanda ya gudu, godiya ma suke yi. Abin da na ji tsoron zai kashe shago, shi ne ya cika shi. Ashe ba shagonka nake karewa ba duk tsawon lokacin nan, Baba, fuskata nake karewa. Kowace godiya kamar mari nake jin ta. Maman yara ta san komai, in na ba ta labarin cikar shago sai ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar hutunsa ta gaba ya zo in rage masa. Na gama gefe ɗaya ke nan ya sake ɗauko yabon, yana gaya wa wani baƙo cewa irin masu askin nan na gado sun ƙare, sai nasa. Na ji ba zan iya ƙara minti ɗaya a haka ba. Na ajiye almakashi, na zagayo gabansa, na juya masa baya na sunkuyar da kai. Na ce ya duba inda gashi ya yi laushi. Na ce irin nasa ne ya kama ni, hular sanyi da tawul duk shi nake ɓoyewa, kuma asibitin da na tura shi na daɗe ina hawa benensa.

Direba ya kai hannu ya shafa ƙeyarsa a hankali. Tambaya ɗaya ya yi mini. Ya ce ranar da ya ce in duba masa na ce zafi ne, na san ko mene ne? Na ce na sani. Ya ce kuma na sa masa aska? Na ce na sa, ran nan da duk ranakun da suka biyo. Ya gyaɗa kai. Da ya zage ni da na ji daɗi, da ya tashi da rabin aski ma da na ce na cancanta. Sai kawai ya sunkuyar da kai ya ce in ƙarasa. Na ƙarasa. Ya yi wa kowa sallama ya fita.

Da ranar hutunsa ta sake zagayowa, ina share ƙofar shago sai na hango shi ta gilashin tsallake, a kan kujera, an ɗaura masa ƙyalle. Na ga mai askin ya sunkuyar masa da kai ya kai hannu wajen kayansa. Ban yi tunani ba, na jefar da tsintsiya na tsallaka titi. Tun da ya buɗe shagon nan ban taɓa taka ƙofarsa ba. Na shiga ina haki, na ce masa don Allah kada ya sa aska a ƙeyar nan, kada ya matsa kilifa, ya bi gefen tudun da almakashi, kuma kada ya ɗaure ƙyallen da ƙarfi.

Yaron nan da na yi shekaru ina yi wa kallon banza ya saurare ni har na gama, cikin ladabi. Sannan ya nuna mini almakashin da ke hannunsa, ya ce ai mai ƙeyar ya riga ya yi masa bayani tun kafin ya zauna, ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na lura Direba yana riƙe da ƙaramin madubi a hannunsa, ya saita shi yana bin duk inda hannun mai askin ya nufa. Ka san shi, Baba. Tun yana saurayi bai taɓa ce wa mai aski ga yadda zai yi ba, zama kawai yake yi ya buɗe hira. Yanzu ko hira ba ya yi.

Ya dube ni ta cikin babban madubi, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, “An gode, malam. A gaida Baba.” Malam ya ce mini. Na tsaya kamar akwai sauran magana, babu. Na tsallako na ɗauki tsintsiyata.

Ina roƙon ka abu ɗaya. Na san halinka, kana gama karantawa za ka ce Yaya Babba ta nemo maka lambarsa. Don Allah kada ka kira shi. Yana jin nauyinka, in ka yi magana zai dawo, ni kuma ba zan iya tsayawa a bayan mutumin da kunyarka ce ta zaunar da shi ba. Ka bar shi inda hankalinsa ya kwanta. Na tsallaken yana da hannu, na gani da idona.

Jibi zan je bugun haske na ƙarshe. Likita ta ce nawa ya yi kyau ƙwarai, wai na zo a kan lokaci.

Ka gaida Yaya Babba da maigidanta. Allah ya ba ka lafiya, ya bar mana kai.

Ɗanka,
Auta